Kaskar zuma: a fara ƙirga kafin a nemi magani

A filinmu na wannan mako za mu ɗan ajiye zancen farashin hatsi da na albashi, mu duba wata ƴar halitta wadda girmanta bai kai ƙwayar riɗi ba, amma ta yi wajen shekara 40 tana cin dukiyar masu kiwon zuma a Turai da Amurka. Kaska ce, sai dai ba irin wadda makiyayi ke cirewa daga kunnen saniya ba, ita wannan a jikin ƙudan zuma take zama. Masana suna kiranta Varroa destructor, Faransawa su ce barowa, mu kuwa za mu ce mata kaskar zuma, tun da ƙafafunta takwas ne kamar na ƴar'uwarta ta garke, kuma sana'arsu ɗaya. Zancenta ya shafi ɗan kasuwar da ke sayen zuma a Gaya ko Madarunfa ya kai Yamai, ya kuma shafi ma'aikacin da ke sa hannu kan takardun furoje na kiwon zuma, domin magungunan da aka ƙera don kashe ta ba su da wuyar shigowa, ɗaya daga cikinsu ma tuni yana kasuwanninmu a cikin wata riga.

Asalinta daga gabashin Asiya ne. A shekarar 1904 wani masanin ƙasar Holan mai suna Oudemans ya fara bayyana irinta a tsibirin Jaba na Indunusiya, a jikin wata ƙaramar zuma ta can. Wannan zuma ta Asiya ta daɗe da sanin baƙuwarta: tana kakkaɓe ta daga jiki, kuma ba ta barinta ta hayayyafa sai a ramukan ƴaƴa maza, don haka suka zauna tare dubban shekaru ba wanda ya ga bayan wani. Mutum ne ya ɓata wannan zama. An kwashi zumar Turai, wadda ta fi yawan ba da zuma, aka kai ta Japan da gabashin Rasha, kaskar ta tsallaka kanta wajen tsakiyar ƙarni na 20, daga nan aka riƙa maido da amya da uwayen zuma yamma, tana biye. Ta shiga Faransa ta yankin Alzas a 1982, Amurka a 1987, Ingila a 1992. Sai a shekarar 2000 wasu masana biyu na Ostireliya, Anderson da Trueman, suka gano cewa mai ɓarnar ba ita ce ainihin wadda Oudemans ya gani ba, wata ƴar ɗakinta ce, suka raɗa mata sunan da take amsawa yau.

Wanda bai san yadda take haihuwa ba ba zai gane dalilin da ya sa maganinta ke da wuya ba, don haka a yi haƙuri mu shiga cikin saƙa. Uwar zuma, wadda wasu masu amya ke kira sarki, takan saka ƙwai ɗaya a kowane rami, ƙwan ya zama tsutsa, ma'aikata su ciyar da ita ƴan kwanaki, sa'an nan su liƙe bakin ramin da kaki. Gab da za a liƙe ne kaskar mace ke sulalewa ciki ta laɓe ƙarƙashin tsutsa. Bayan awa 60 zuwa 70 sai ta saka ƙwan farko, wanda namiji ne, daga nan kuma kowace awa 30 ta saka na mace. Namijin yana yi wa ƴan'uwansa barbara a nan cikin rami, a nan kuma zai mutu, bai taɓa ganin rana ba. Ramin ma'aikaciyar zumar Turai yakan yi kwana 12 a rufe, na namiji kwana 14 ko ɗoriya. Ranar da ɗan zuma ya fasa marfi ya fito, uwar kaska ta fito tare da ƴaƴanta mata da suka balaga, ɗaya ko biyu daga ramin ma'aikaciya, biyu ko uku daga ramin namiji. Shi ya sa ta fi son ramukan maza nesa ba kusa ba. Muddin akwai ƴaƴa a saƙa, yawanta kan ninka kusan kowane wata, kuma mafi yawan kaskar tana ƙarƙashin marfin kaki, inda yawancin magunguna ba sa kaiwa.

An daɗe ana cewa jinin ƙudan zuma take sha. A 2019 wani Ba'amurke mai suna Samuel Ramsey da abokan bincikensa suka nuna cewa abin da ta fi ci shi ne wani farin kitse da ke cikin jikin ƙudan, wanda ke yi masa aiki irin na hanta, yana ajiye abinci yana kuma tace guba. Amma cizon kansa bai kai abin da yake shigarwa muni ba. Kamar yadda sauro ke ɗauko zazzaɓi, haka kaskar ke ɗauke da ƙwayoyin cuta irin waɗanda likitoci ke kira birus, babbansu shi ne wanda ke sa ɗan zuma ya fito da fukafukai a murɗe, ba ya iya tashi, sai rarrafe a bakin amya har ya mutu. A Turai abin ya fi tsanani saboda hunturunsu. Ƙudan da aka haifa lokacin furanni ba ya wuce mako shida a duniya, amma wanda aka haifa da kaka dole ya rayu wata biyar ko shida, ya dunƙule da ƴan'uwansa suna ɗumama uwa cikin ƙanƙara. In kaska ta cinye kitsen waɗannan tun suna rami, mai amya zai buɗe ta a watan Maris ya tarar da zuma cike da saƙa, ba mai shanta. Amyar Turai da ba a yi wa magani ba, galibi shekara biyu ko uku take yi ta mutu.

To, da abin ya ishi Turawa sai suka koma ga kamfanonin magani. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fito da Apistan, wani zirin roba da aka jiƙa da guba mai suna fulubalinat. A rataya biyu tsakanin saƙa, ƙudaje su riƙa gogar su, kaska ta zube. Da farko yana kashe fiye da 95 cikin 100, kowa ya ce an huta. Ba a yi shekara biyar cur ba, a farkon shekarun 1990, aka ga kaskar arewacin Italiya ta daina jin sa, kuma ana ɗora wani kashi na laifin a kan masu amya da suka ga zirin kamfani ya yi tsada, suka riƙa tsoma ƴan katakai cikin maganin feshin gona mai irin wannan guba, ba awo ba lissafi, suna barin su a amya shekara ta zagayo. Ƴan ƙalilan da guba ba ta kashe ba su ne suka haifi na baya. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru Amurka ta ga haka, Ingila ta gani a 2001. Aka koma ga wata guba, kumafos, ita ma a Amurka ba ta yi ƙarko ba. Mu da muka ga yadda zazzaɓin cizon sauro ya daina jin nibakin, bayan an yi shekaru ana sayar da ita ƙwaya bibbiyu a kan tebur, ba ma bukatar dogon bayani.

Abin da ya fi riƙe su har yanzu shi ne amitaraz, wanda wani kamfanin Faransa ke sayarwa da sunan Apivar. Mai kiwon zuma a Faransa yana da kalanda kamar ta manomin auduga: ya kwashe zumarsa a watan Agusta, ya rataya ziri biyu a kowace amya na tsawon mako 6 zuwa 10, a watan Disamba kuma, lokacin da uwa ta tsaida ƙwai, ya bi da wani magani don share saura. Haka kowace shekara, da kuɗinsa, kuma ranar dainawa ba ta cikin kalandar. Amitaraz ɗin ma ya fara gajiya. Tsakanin watan Yuni na 2024 da farkon 2025, manyan masu kiwon zuma na Amurka, waɗanda ke loda amya a tirela suna kai wa gonakin almon na Kalifoniya kowane Fabrairu, sun yi asarar kimanin 62 cikin 100 na amyoyinsu. Da masu bincike na ma'aikatar noma ta ƙasar suka duba matattun amyoyin, sai suka tarar da birus jingim, kuma kusan duk kaskar da suka auna tana ɗauke da alamar ƙin jin amitaraz.

Akwai wata hasara kuma da ba a gani da ido, ita ce ta fi shafar ƴan kasuwa. Fulubalinat da kumafos guba ce mai son maiƙo, kaki kuwa maiƙo ne, saboda haka in ta shiga ba ta fita, ko an narkar da shi an tace. Turawa suna narkar da tsohuwar saƙa su buga ta falle-falle a inji su mayar wa zuma ta yi gini a kai, gubar tana zagayawa tana taruwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 ya sami waɗannan guba biyu a cikin 98 bisa 100 na kakin da aka auna. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta yanke iyakar abin da zuma za ta ɗauka, miligiram 0,2 na amitaraz a kilo ɗaya, kumafos kuma rabin haka, kuma suna da injinan da ke gano abin da ya fi wannan ƙanƙanta.

Don gudun wannan ne wasunsu suka koma ga magunguna masu sauƙi, waɗanda asalinsu ana samun su a tsirrai da ƙwari. Akwai ruwan tsami na oksalik, irin sinadarin da ke cikin ganyen alayyafo, yana kashe kaskar da ke jikin ƙudaje sosai amma ba ya ratsa marfin kaki, don haka amfaninsa sai lokacin da babu ƴaƴa a rufe. Akwai na formik, wanda tururuwa ke fesawa in an taɓa ta, shi kam tururinsa yana ratsa marfi. Akwai kuma timol, mai ƙamshi, wanda ake samun irinsa a wani nau'in ɗaɗɗoya. Sai dai duk wanda ya karanta takardar da ke cikin kwalin formik zai ga an rubuta kada a sa shi in zafin rana ya kai wajen digiri 30, domin tururin yakan yi yawa ya kashe uwa da ƴaƴa. A Tawa ko Damagaram cikin Afrilu da Mayu, a inuwa ma ana wuce digiri 40. Timol shi ma zafi na tada ƙarfinsa, zumarmu kuwa ba ta da haƙurin wari, in an dame ta sai ta bar wa mutum amyarsa ta kama gabanta.

Ostireliya ta gwada wata hanyar. Ita ce babbar ƙasar kiwon zuma ta ƙarshe da kaskar ba ta shiga ba, har watan Yuni na 2022 da aka gan ta a tashar jiragen ruwa ta Niyukasil. Hukuma ta zana da'ira a taswira, ta kashe duk zumar da ke ciki, amya wajen 30.000. A watan Satumba na 2023 gwamnati ta ce ta haƙura, a koyi zama da ita.

Yanzu mu dawo nahiyarmu, inda labarin ya sha bamban. A 1997 aka ga kaskar a kusa da birnin Kap na Afirka ta Kudu, cikin ƴan shekaru ta game ƙasar. An yi fargaba ƙwarai, domin gonakin ƴaƴan itatuwansu da zuma suka dogara, kuma da farko an sami amyoyi masu dubban kaska, wasu sun mutu. Amma galibin masu kiwon zuma na can ba su sa magani ba, zumar daji kuwa da ma ba mai yi mata. Wani masani mai suna Mike Allsopp ya bi diddigin abin, a 2006 ya bayyana cewa zumar yankin Kap ta shawo kan kaskar cikin shekara 3 zuwa 5, ta sauran ƙasar kuma cikin shekara 6 zuwa 7. Kaskar tana nan, amma ta koma ƙaramin ƙwaro cikin ƙwarin amya. A Kenya an gano ta a 2009. Masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi, tare da abokan aikinsu na Amurka, suka zagaya wurare 24, suka buga sakamako a 2014: kaska ta bazu kusan ko'ina ban da can ƙuryar arewa, amma ba su ga ta rage ƙarfin amya ba, shawararsu kuwa ita ce kada manoman Kenya su sa magani.

Me ya kare zumar Afirka? Halayen da masu furoje ke kuka da su, yawancinsu su ne garkuwarta. Ɗanta yakan fito daga rami kamar kwana ɗaya kafin na Turai, kuma ga kaskar da ke saka ƙwai kowace awa 30, kwana ɗaya ƴa guda ce da ba za ta balaga ba. Ma'aikatanta suna da hancin gane ramin da kaska ke haihuwa a ciki, su fasa shi su jawo abin da ke ciki su yar. Tana yawan rabuwa, wani kashi ya tashi da tsohuwar uwa, kuma kafin sabuwa ta fara ƙwai akan yi makonni babu ramin da kaska za ta shiga. In rani ya yi tsanani, furanni suka ƙare, ruwa ya yi nisa, takan yi ƙaura gaba ɗaya ta bar tsohuwar saƙa da abin da ke cikinta. Sa'an nan ga yadda mutanenmu ke kiwo: amyar ciyawa ce a kan gawo ko kaɗanya ko ɗorawa, wannan nesa da waccan, ba a jera ɗari a fili guda ba balle ƙudan wannan ya ɓata hanya ya kai wa waccan cuta. Babu wanda ke sayen uwa daga kamfani. Amyar da ta kasa takan mutu, wadda ta iya ta haifi masu cika amyoyin baɗi. Wannan tankaɗe da rairaya shi magani ya hana a Turai, domin zirin roba yana raya mai ƙarfi da rarrauna baki ɗaya, rarraunan kuma su ci gaba da haihuwa.

Turawan ma sun gane haka. A 1999 masana a Suwidin suka kai amya 150 tsibirin Gotlan suka bar su ba magani, mafi yawansu suka mutu, ƴan ƙalilan da suka rage suka zama iri mai jure kaska. A Faransa, wajen Abinyon, Yves Le Conte na cibiyar binciken noma ta ƙasar ya tattara amyoyin da aka yi watsi da su amma suka ƙi mutuwa, ya yi shekaru yana nazarin su. Abin da suke kashe kuɗi da shekaru suna nema ke nan, mu kuwa yana rataye a kan itatuwanmu kyauta.

Kada dai a ɗauka duk abin da ke Afirka ya tsira. A Madagaska kaskar ta shiga a 2010, ta yi wa baƙar zumar tsibirin mummunar ɓarna, masu amya da yawa a tsakiyar ƙasar suka wayi gari ba su da komai. A Aljeriya da Tunisiya da Maroko, inda ta shiga tun da daɗewa, ana sa magani kamar a Turai. Kusa da mu, masana sun ba da rahoton ganinta a Benin a 2011, da kudu maso yammacin Najeriya a 2012, zuma kuwa ba ta tsayawa a duwan ta nuna takarda. Wanda ke da amya a Gaya, ko Magarya da Matamai, ko wajen Tamu da Makalondi, ya kamata ya san kamanninta. Kuma yadda kiwon ke sauyawa, ana kawo akwatunan zamani ana jera su wuri ɗaya, ana ba zuma ruwan sukari don kada ta yi ƙaura, wani sashe na garkuwar da muka ambata yana raguwa. Akwatin ba laifi ba ne, yana ba da zuma mai tsabta kuma ba a ƙona ƙudaje wajen ɗiba, amma mai shi ya ɗauki nauyin dubawa.

Abin da nake tsoro ya fi kaskar kusa. Amitaraz ɗin nan da Faransawa ke ratayawa a amya, shi ne dai ke cikin Taktic da ire-irensa, maganin kaskar shanu da ake samu a shagunan maganin dabbobi, wani lokaci har a kan tabarma ranar kasuwa. Ranar da wani ya ji a rediyo ko ya gani a wayarsa cewa zuma na da kaska, kuma ga maganin kaska a gabansa da arha, lissafin da zai yi a bayyane yake. Zai tsoma tsumma ya cusa a amya. Wannan ruwa an haɗa shi ne don a sirka shi da ruwa mai yawa a wanke fatar saniya, ƙarfinsa 12,5 cikin 100 ne, ga kuma man da aka narkar da shi a ciki, kuma ko doki da jaki an hana a shafa musu shi don yana iya kashe su. A amyar gargajiya babu shamaki tsakanin ɗakin ƴaƴa da rumbun zuma, a saƙa ɗaya suke, ita ake matsewa a zuba a kwalba, a ba yaro mai tari da mace mai jego. In zumar ba ta gudu ba, an sa wa mai saye guba, an kuma fara koya wa kaska jure magani tun ba ta yi wa kowa ɓarna ba. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan.

Ƴan kasuwa su dubi wannan da idon riba. Kakin da mutanenmu da dama ke zubarwa bayan sun matse zuma, ko su sayar wa masu gyaran ƙwarya da maƙeran farfaru da arha, haja ce da ake nema a Turai, kuma abin da ya sa masu man shafawa da masu kiwon zuma marasa guba ke biɗar kakin Afirka shi ne bai taɓa haɗuwa da zirin roba ba. Habasha ta daɗe tana cin wannan kasuwa. Mai saye a can ba ya tambayar sunan ƙauye, ɗan guntu yake yanka daga kaya ya kai ɗakin awo, in aka ga guba a ciki, duk lodin ya faɗi, sunan ƙasar ma ya ɓaci. Tsumma ɗaya a amya goma ya isa ya lalata abin da mutum ɗari suka tara. Dillalin da ke bin kasuwannin ƙauye yana sayen zuma shi ya fi kowa damar faɗa wa masu amya wannan magana, don shi suke saurare fiye da malamin da ke zuwa da mota sau ɗaya a shekara.

Ƙirgar kuwa ba ta bukatar furoje. Mai amyar gargajiya ya jira ranar ɗiba. Cikin saƙar da ya fitar zai ga wadda ke da ramuka manya masu marfi a kumbure, ta maza ke nan. Ya sa ƙaya ya buɗe rami 50 ko 100, ya jawo farin ɗan da ke ciki. Kaska ja ce mai duhu, faɗinta milimeta ɗaya da rabi, a kan farin jiki ba ta ɓoyuwa ko ga mai raunin ido. Ya ƙirga rami nawa ke da ita. Mai akwatin zamani kuma ya nemi kwalba mai faɗin baki, ya yi mata marfi da wayar raga wadda ƙuda ba ya ratsawa. Da yamma, bayan ya sa hayaƙi ya kuma tabbata uwa ba ta ciki, ya kakkaɓe ƙudaje daga saƙar ƴaƴa, kamar kashi uku cikin huɗu na ƙaramin gwangwanin madara, wato wajen ƙuda 300. Ya zuba musu cokali biyu na sukarin da aka daka ya yi laushi kamar garin alkama, ya jujjuya minti ɗaya, ya ajiye a inuwa minti biyu, sa'an nan ya kife kwalbar ya girgiza a kan farin faranti mai ɗan ruwa. Sukari zai narke, kaska ta bayyana, ƙudajen kuma a mayar da su gida da ransu. Da damina sukari yakan dunƙule, sai a yi da ruwan sabulu, wanda ya fi ba da lissafi daidai amma yana kashe ƙudajen da aka ɗiba.

A Turai da Amurka, in an sami kaska 3 a kan ƙuda 100, wato 9 a kwalba, sai su ce lokacin magani ya yi. An yanke wannan mizani ne don zumarsu da hunturunsu. Namu zai fito ne daga littafin da aka rubuta ƙirga a ciki, amya kaza, wata kaza, kaska kaza, da abin da amyar ta bayar a ƙarshen shekara. Aikin da ya dace da ɗaliban aikin gona na jami'ar Abdu Mumuni da ta Maraɗi ke nan, da ma'aikatan INRAN da na gandun daji, kuma kuɗinsa bai kai na taron bita guda a otel ba.

In aka sami amyar da kaska ta yi wa yawa, ƙudaje na rarrafe da murɗaɗɗun fukafukai, akwai abin yi kafin a kai ga kwalbar guba. A yanke saƙar maza bayan an liƙe ta a fitar, tarko ce da zuma ta ɗana da kanta, kaji kuma suna son abin da ke ciki. Kada a ɗauki saƙa daga wannan amya a kai wata, kada kuma a raba ta don neman iri. A nisanta ta da sauran. In ta mutu, a narkar da kakin, a babbaka cikin akwatin kafin a sake ɗora shi. Wanda ke da akwatuna da yawa har ya ga asara na bin su ɗaya bayan ɗaya, ya nemi likitan dabbobi, su duba batun oksalik a lokacin da amya ba ta da ƴaƴa a rufe kuma an riga an kwashe zuma, da safar hannu da abin kare ido da hanci, don yana ƙona fata da huhu.

Sauran magana ta masu sa hannu ce. Duk takardar furoje da ta zo da shawarar a shigo da uwayen zuma daga Italiya ko Faransa don wai sun fi sanyin hali, a karanta ta sau biyu. Uwar da aka sayo za ta haifi maza, mazan su yi wa uwayen daji barbara, juriyar da babu wanda ya saya ta fara sirkuwa, kuma a jikin ƴan rakiyarta kaskar da ta riga ta ƙi jin amitaraz za ta iya shigowa. Haka tsofaffin akwatuna da fallen kakin da aka buga a waje, wanda ke zuwa da gubarsa a ciki, alhali ana iya buga shi a nan da kakinmu. Ga kuma wata kaskar Asiya, Tropilaelaps, wadda ta fi barowa ƙanƙanta da saurin haihuwa, an tabbatar da ita a kudancin Rasha da ƙasar Jojiya a 2024, ita ma cikin kayan masu kiwon zuma take tafiya. Ma'aikacin duwan da ya ga akwati mai ƙugi a Gaya ko Ɗan Isa ko filin jirgin Yamai, ya tambayi takardar likitan dabbobi kafin ya buga hatimi. Wanda kuma ya ga jan ɗigo a kan ɗan zuma a ƙauyensa, ya sa shi cikin ƴar kwalba da alkol na farmasi, ya rubuta sunan gari da kwanan wata a jiki, ya miƙa wa ma'aikatar kiwo mafi kusa don a aika ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL a Yamai.